Yadda Na Tallata wa Makcik Gidan Tsofaffi

A shekarar kullen korona na samu aikin da har yau ina jin nauyin faɗin sunansa a gaban manya. Muna zaune a Cheras, a ƙasar Malesiya, ni da maigidana da yaranmu biyu. Shi yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta daga ɗakin kwana, ni kuma na gama karatu amma babu jirgin komawa gida. Sai wata ƙawata 'yar Malesiya, wadda muka yi aji ɗaya a Bukit Jalil, ta kira ni. Tana yi wa wani gidan tsofaffi talla, irin wanda mutum zai kama ɗaki da kuɗinsa, a dafa masa abinci, ga nas a kusa. Tana neman wadda za ta riƙa hira da mazauna gidan ta bidiyo tana rubuta labarinsu, don tsofaffin da ke waje su karanta su yi sha'awa.

Da na yi wa mahaifiyata bayani a waya sai ta yi salati. "Su ba su haihu ba ne?" Na ce sun haihu, Hajiya. Ta ce, "To, Allah ya shirya." Ban tambaye ta su take nufi ko ni ba. Ni ma a raina abin ya yi mini banbarakwai, amma zaman banza ya ishe ni, sai na karɓa.

Na iya aikin kuwa, ba yabon kai ba. Na rubuta labarin dattijon da ke shayar da furanni, da na dattijuwar da ta koyi zane bayan ta yi jikoki. Kowa a labaraina yana murmushi, kowa ya gode wa Allah. Mutum ɗaya ce ta ƙi shiga layi, wata tsohuwa da ta yi rayuwarta tana sayar da shinkafar kwakwa a bakin titi. Ina cewa yaya gida, sai ta hau masifa. Wai sambal ɗin gidan, wato yajin da suke soyawa su ci da shinkafa, ruwan wanke-wanke ya fi shi ɗanɗano. Kullum sai ta dogara sandarta zuwa ƙofar kicin ta yi wa kuku tatas, har ya gaji ya ajiye mata kujera a wurin. Na rubuta wannan ma don ya ba ni dariya. Ƙawata ta karanta ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Tak boleh lah, ba zai yiwu ba. Ba za mu buga cewa abincinmu ba daɗi ba." Gaskiyarta ce, sai na ajiye shi.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata dattijuwa ce da muke kira Makcik, kamar dai a ce Gwaggo. Ta yi shekaru tana ɗinki a wani shagon yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo yana aiki a Singafo, ga iyaka a rufe. Ita ta ɗinka wa yarana takunkumi da ragowar atamfata. Wata safiya muka ji ana buga bokiti ba ƙaƙƙautawa. Ashe santsi ne ya kwashe ta a banɗaki tun bayan asuba, ta kasa tashi. Sai da maigidana ya nemo masu gadi aka ɓalle ƙofa. Ba ta karye ba, amma daga ranar na daina samun natsuwa. In na ji shiru ya yi yawa sai in leƙa in ƙwanƙwasa, ita kuma ta ce ba ta mutu ba tukuna.

Ɗanta ya kira ni. Ya ce ya roƙe ta ta koma inda za a kula da ita, ta ƙi. Da ya ji irin aikin da nake yi sai ya ce in taimaka in yi mata magana. Na ɗauki wayata na zauna a kan kujerar roba a baranda, ita tana ciki bayan ƙofar ƙarfe, kowa da takunkuminsa. Na karanta mata mai furanni. Na karanta mata mai zane. Ta saurara tana ɓare tafarnuwa, sannan ta ce, "Anak," wato 'yata, "wannan ai maƙabarta ce aka share. Ba wanda ya ɓata wa wani rai a ciki? To su zauna abinsu."

Raina ya ɓaci, don na sha wahala a kan rubutun nan. Cikin haushi na ce ai akwai wata fitinanniya irinta a gidan. Na ba ta labarin mai shinkafa da ka, ina kwaikwayon muryarta da yadda take nuna kuku da sanda. Makcik ta ajiye tafarnuwar.

"Ita me take sawa a nata sambal ɗin?"

Na ce ban sani ba.

"To ki tambayo."

Na tambayo. Mai shinkafa ta ce sukari da tsamiya, kuma a bar shi a wuta sai mai ya taso. Makcik ta ja tsaki ta ce wannan alawa ce, a gaya mata ta yi shekaru tana cutar mutane. Na kai saƙo, ban rage komai ba. Amsa ta dawo cewa tela ba ta da bakin magana a kan tukunya. Haka na zama 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba, kuma wallahi na ji daɗin aiken. Maigidana ya ce da haka aka koya mana talla a jami'a da ya shiga ajin. Makcik ta fara jirana a bakin ƙofa tun kafin in gama wanke-wanke. Daga yaji suka koma kan ɗinki, don ta sa na kwatanta mata rigar matar, ta yanke hukuncin cewa an ɓata hannun.

Da aka sassauta kulle, wata rana ta ce mini, "Ki gaya wa yaron nan ya biya ɗakin. Zan je in ga matar nan da idona. In ban ji daɗi ba zan dawo." Sharaɗinta ɗaya, da kekenta na ɗinki za ta tafi.

Mu muka raka ta, amma a bakin ƙofar gidan aka tsayar da mu, ba a barin baƙi shiga. Aka yi mata gwaji, aka ce za a killace ta a ɗakinta na ɗan lokaci. Na dawo na tarar da ƙofarta a kulle, na ji ba daɗi. Na yi ta tunanin ko na kai baiwar Allah inda za ta fi kaɗaici, saboda surutuna.

Bayan an sake ta na kira. Ta daɗe ba ta ɗauka ba. Da ta ɗauka, maganarta ba ta fita sosai, ashe allurai ne a bakinta. Ina jin keke na ƙara, ina jin muryar mai shinkafa, wadda na sani sarai, tana cewa an matse mata hammata.

"Makcik, yaya jiki? Kin makan kuwa, kin ci abinci?"

"Anak, ki kira anjima. Ina da mutane."

Ta kashe. Na zauna riƙe da waya ina dariya, hawaye na zuba. Sannan na kira ɗanta na ce ya kwantar da hankalinsa, uwarsa ba ta da lokacinmu yanzu.