Yatsu Huɗun da Na Hana Mubashshir

Ranar Laraba ce 'yan ta'adda suka shigo muka gudu daga Mubi, ashirin da tara ga watan Oktoba, shekarar da mata suka bar tukwane a kan wuta kowa ya nufi duwatsu. Shekara goma sha ɗaya cif bayan haka, a wannan kwanan watan, kuma ranar Laraba, Allah ya karɓi ran Mubashshir ɗan marigayi Bakari na unguwarmu ta Kolere, bayan zazzaɓi na kwana shida. Shekarunsa talatin da huɗu. Na Allah muke, kuma wurinsa kowa zai tattara.

Ni ne Jatau kafinta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina Malam Ɗahiru, tsohon malamin firamare, shi ke riƙe da biro, ni nake faɗa. Na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana, ko da a inda za ta zubar mini da girma.

Mubashshir, ɗana, da kai nake.

Ranar gudun nan kai ka ɗauki matata Habibat a babur har gindin dutsen Kwaja, ka dawo ka ɗauke ni. Mun yi nisa na ce ka tsaya, na manta sandata a shago. Ba sandar dogarawa ba, sandar awo ce da ubangidana Andrawus ya bar mini, mai tsaga biyu: ta sama tsayin tebur, ta ƙasa tsayin kujera. Kowa na gudun ransa, ni ina rigima a kan itace. Ka juya babur, ka shiga garin da kowa ke fita, ka ɗauko ta. Ban taɓa yi maka godiyar da ta dace ba, kuma abin da na yi maka da sandar nan daga baya shi ya sa na zaunar da Malam Ɗahiru yau.

Bayan an dawo gari ya zauna, ka mayar da ɗakin zauren gidanku situdiyo. Ka lulluɓe bango da katifu don kada ƙarar keke-napep ta shiga. A nan kake ɗaukar muryar masu talla, da masu waƙar biki, da 'yan Islamiyya masu karatu, har mawaƙan coci daga Bahuli suna zuwa. Tsofaffin mata da ke son aika murya ga 'ya'yansu na nesa ba ka taɓa korarsu ba, ko sun zo kana tsakiyar aiki. Mai in'ina ya maimaita jimla sau goma, kai kana cewa, "Saura kaɗan, wannan ta fi ta ɗazu."

Shekara uku da suka wuce ka zo shagona ka ce in yi maka tebur da kujera na aiki. Ka ce kana so in zo in auna ka a zaune tukuna. Na yi dariya. Na ce shekara hamsin ina yin tebur, ban taɓa auna mutum ba, ni ba tela ba ne. Na ɗauko sandar Andrawus na yanka katakon maɗaci daidai tsagarta. Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Har yau ba ya girgiɗi.

Bayan wata biyu ka dawo kana murza wuya. Ka ce, "Baba, teburin nan in na zauna sai in ji kamar ina leƙen katangar maƙwabta." Na ce, "To ka ƙara cin tuwo ka yi tsawo." Muka yi dariya tare, ka tafi.

Zuwa na biyu da takarda ka zo. Likita ya ce ciwon kafaɗarka da wuyanka daga zama ne. An zana mutum a kan kujera, ka yi mini bayani: tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa, gwiwar hannu ta zo daidai da saman tebur ba tare da an ɗaga kafaɗa ba, saman gilashin kwamfuta ya zo daidai ido. Ka ce a rage ƙafafun teburin kaɗan kawai, ga lambar a rubuce. Na kalli takardar, ban san abin da lambar take nufi ba. Santimita ce, ni kuwa da sanda da yatsa na san awo. Akwai mutane a shagon. Maimakon in ce ban iya karantawa ba, sai na ɗaga murya na ce, "Ni za ka koya wa tebur? Alƙalai sun zauna a kan aikina ba wanda wuyansa ya karye." Ka naɗe takardarka ka ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

Zuwa na uku ka jira har shago ya watse. Ba takarda. Guntun karan dawa ka kawo, ka yanka shi daidai tsayin da kake so, ka jingina shi a bencina ka ce, "In ka samu lokaci." Na gane ka gano sirrina, kuma ka nemo hanyar da ba sai na karanta komai ba. Wannan kirkin naka ya fi takardar ƙona mini rai. Bayan ka fita na gwada karan da sandar Andrawus. Yatsu huɗu ne bambancin. Aikin da zarto zai gama kafin shayi ya huce. Na cusa karan a cikin rufin shago na ce sai ka sake roƙo. Ba ka sake ba.

Duk da haka kai ne ka riƙa zuwa kana ɗaukata duk Asabar da hantsi, in zauna a situdiyonka in faɗi abin da na sani na garin nan: inda tsohuwar kasuwa take, shekarar da mayo, wato kogi, ya cinye gonakin rake, waɗanda suka fara kafa shagon katako, sunayen mutanen da ba wanda ya rubuta. Ka ce idan na mutu da su a ciki an yi asara. Kafin mu fara sai ka sa mini matashi a baya, ka sauko da makirfo daidai bakina. Idan na miƙa wuya sai ka ce, "A'a Baba, zauna yadda kake. Ita za ta bi ka, ba kai za ka bi ta ba." Na ji wannan magana ya fi sau arba'in, ina zaune taku biyu daga teburin da na ƙi ya bi ka. Ban taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba.

Jiya, bayan addu'ar bakwai, matarka Na'imatu ta aiko a kira ni. Ta tsaya daga bayan labule ta ce in shiga ɗakin aikinka in duba. A kan kujera darduma biyu ne a ninke da matashi, don ka kai tebur. Da ka kai tebur sai ƙafafunka suka bar ƙasa, shi ne ka ajiye bulo biyu na siminti. Na durƙusa na shafa su. Sun yi sulɓi, wurin dugaduganka har ya lotsa.

Na ce mata, "Me ya hana shi kiran wani kafinta?"

Ta ce, "Na faɗa masa, Baba, har mun yi faɗa. Ya ce in aka kira wani, kafin la'asar duk kasuwar katako ta ji an gyara aikin Jatau. Ya ce muddin kana raye zarton wani ba zai taɓa teburin nan ba."

Sai ta kunna mini ɗaya daga cikin maganganuna da ka ɗauka. Muryata ce, ina alfahari, ina ba da labarin sandar: yadda Andrawus ya tsaga ta a zamanin En'e, lokacin da ya yi wa wani akawu mutumin Belel tebur, dogon da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Sai na ji muryarka a hankali: "Ashe awon mutum ɗaya ne, Baba?" Na ji kaina na ce, "Eh mana," na wuce zuwa wani labarin. Ni da ake cewa ba na mantuwa, na riƙe labarin shekara hamsin ban ji abin da yake faɗa ba.

Ba teburina ne ya kashe ka ba, kwana ne ya ƙare. Amma shekarunka uku na ƙarshe ka yi su da ciwon da yatsu huɗu za su ɗauke maka, ni na hana. Na so in roƙe ka gafara kana ji. Yanzu sai dai in faɗa a gaban jama'a, tunda gudun jama'a ne ya sa na cuce ka: ban iya karanta takardar ba ne, Mubashshir. Shi ke nan abin da na ɓoye.

Ya Allah ka jiƙan Mubashshir, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi hutun da bai samu a kan kujerata ba. Yadda ya rufa mini asiri, ka rufa masa ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Adi, da Na'imatu da 'ya'yansu biyu, da dukan mutanen Kolere. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Mubashshir, Na'imatu ta ce tare kuke aikin tace muryoyin nan nawa, saura goma sha ɗaya, kuma tana so ta ƙarasa. Amma ta fi ka gajarta, ko da dardumar da matashin ba ta kai teburin, kuma ba za ta karya maganarka ta kira wani ba.

Gobe da safe in Allah ya kai mu, zan ɗauki zarto da sabon karan dawa in je gidan. Habibat za ta raka ni, ita za ta riƙe karan a gwiwar hannun Na'imatu tana zaune, ƙafafunta a ƙasa, ta yi alama. Inda alamar ta tsaya nan zan yanka. Sandar Andrawus a shago zan bar ta. Naka karan kuwa na sauko da shi daga rufi, yana nan jingine a bencina inda ka ajiye shi.