Kakana a Bakin Turke

Idan ruwan farko ya sauka a kan busasshen kashin shanu, akwai wani wari da ke tashi, shi ba ƙamshi ba, shi ba ɗoyi ba. Idan a gidan da ake ɗaure shanu ka tashi, ka san shi. Ni kam har yau in na shaƙe shi sai in ji kunya ta lulluɓe ni, kamar an kama ni ina leƙe.

A wani ƙauye kusa da Sara na tashi. Asalin gidanmu masu shanu ne, amma kafin a haife ni garken ya watse, muka koma noma, Fillancin ma ya tsaya a bakin tsofaffi. Saniya ɗaya ta rage, fara mai ɗigon ja a wuya, tana ɗaure a bayan ɗakin kakana na wajen uba. Shi ke ba ta harawa da dusa, shi ke cire mata kaska, ba ya yarda yaro ya taɓa igiyarta.

Ni kuwa tun ban iya rubuta sunana ba nake zane. Da tsinke a ƙasa, da gawayi a jikin rumbu, Inna tana bi na da tsumma tana faɗa. Ba furanni nake yi ba irin na ƙawayena masu lalle, mutane nake so. Yadda goggona ke karkace ƙugu in ta ɗauko tulu, yadda mai tallan goro ke gyangyaɗi a gindin bishiyar maina. Da wuri na gane cewa mutum in ya san ana kallonsa sai ya gyara zama, ya koma kamar kowa. Saboda haka na koyi kallo ta gefen ido. Kakana yakan tsokane ni ya ce, "Amaryata, idon nan naki ya fi bakinki surutu."

Shi mutum ne mai kawaici. Ranar da kakata ta rasu a asibitin Birnin Kudu, shi ya riƙa ba mutane haƙuri. Ba wanda ya ga ɗigon hawayensa, aka yi ta yabon tawakkalinsa a masallaci.

Bayan an kwana biyu, a farkon wata damina, saniyar ta ci sabon tsiro, cikinta ya kumbura. Kafin a samo mai magani, dole aka sa mata wuƙa don kada ta zama mushe. Aka raba nama a unguwa. Washegari da hantsi Inna ta aike ni in kai wa kakana fura. Ban same shi a ɗaki ba, sai na zagaya baya. Yana durƙushe a bakin turken, malafarsa a ƙasa, ya naɗe igiyar a hannu ya danna ta a goshinsa. Kafaɗunsa suna rawa. Ba sauti ko kaɗan.

Ya kamata in juya. Ban juya ba. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina kallon yadda bayansa ya lanƙwashe, yadda ƙaramin yatsansa da ya taɓa karyewa ya fita daga cikin sauran. Tausayi ya kama ni, amma a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu da ke cewa, ki riƙe wannan, kada ki manta.

A lokacin ina ƙaramar sakandare a Gwaram. Malaminmu na zane ya ce kowa ya kawo aikinsa mafi kyau, za a baje ranar raba kyaututtuka. Na zana abin da na gani. Ban taɓa yin zanen da ya zo mini da sauƙi haka ba, kamar hannuna ya riga ni sani. Malam ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce ba kowa. Daɗi kamar ya kashe ni. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa mutanen ƙauyenmu ma suna da 'ya'ya a makarantar ba.

Ranar taro aka liƙa zanen a tsakiyar allo. Ina tsaye kusa, sai na ji wani maƙwabcinmu ya ce, "Kai, wannan ba tsohon nan ba ne? Ga malafarsa, ga yatsan!"

"Kuka yake yi?" in ji na kusa da shi.

"Ikon Allah. Matarsa ta rasu bai yi ba, sai saniya."

Suka yi dariya. Baba yana bayansu, ya sa babbar rigarsa ta salla saboda ni. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya juya ya fita. Da aka kira ni karɓar kyauta, akwatin fensir mai launi, ana tafi, ni kuwa ji nake ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Kafin magariba labari ya zagaye ƙauye. Yara suka fara kwaikwayon kukan saniya in kakana ya wuce. Ya daina zama a dandali bayan la'asar. Ni ma na daina kai masa fura, in na hango shi sai in sake hanya.

Shi ya aiko a kira ni. Ya ce in zo da takardar zanen. Na durƙusa a bakin ƙofa na miƙa, kaina a sunkuye. Ya matsa wajen haske, ya kawo ta dab da idonsa.

"Yatsan ya yi daidai," ya ce. "Saniyar nan jikar wadda na ba kakarki sadaki ce. Kakar taki ce ke tatsar ta. Shi ke nan abin da ya rage."

Na fashe da kuka ina cewa ya yafe mini.

"Me kika yi? Ƙarya kika zana? Tashi, amarya, Allah Ya yi miki albarka."

Ya mayar mini da takardar. Bai taɓa yi mini faɗa ba, bai bari Baba ya yi ba. Amma daga ranar har ya bar duniya, duk sanda na shiga wurinsa sai ya miƙe zaune, ya gyara hula, ya yi mini murmushin da ake yi wa baƙo.

Yanzu ni ce malamar zane a wata makaranta a Birnin Kudu. Zamani ya sake, kowa da waya a hannu, mutum na kuka a bakin asibiti ana ɗaukarsa hoto, ba wanda ke jin nauyi. Ban daina zanen mutane ba, ba zan iya ba. Abin da ke motsa hannuna har gobe shi ne abin da mutum bai yi niyyar nuna mini ba, kuma ban sami hanyar raba baiwar da wannan kunyar ba.

Kwanan baya wata ɗalibata ta kawo mini zanen mahaifiyarta, barci ya kwashe ta a gaban kaskon awara, zaninta ya zame daga kafaɗa. Ban ga aiki mai kyau irinsa ba a ajin. Yarinyar tana tsaye, idonta na ƙyalli, tana jiran in liƙa shi a allo.

Na ce, "Mahaifiyar taki ta gani?"

Ta ce a'a.

Na naɗe takardar a hankali na sa mata a hannu. "Kai mata tukuna. In ta ce a liƙa, ni da kaina zan liƙa."