Gurbin da Aka Rubuta Baba

Tambari masunci ne a Kwalkwalawa, bakin gulbin Rima, kuma ban san shi ba sai ranar da muka binne ɗana Sharifuddeen. A cikin masu gaisuwa na ga wani dattijo gajere, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, ya zauna can ƙarshen tabarma. Kwana uku yana zuwa gidana a Gidan Dare. Ran na ukun ya matso ya ce, "Malam, ɗanmu ya tahi." Na amsa kamar yadda ake amsa gaisuwa, amma kalmar "ɗanmu" ta tsaya mini a rai. Da ya fita na tambayi abokan yaron ko wane ne. Suka ce ai shi ne Baba Tambari, wanda Sharifuddeen ke kira Baba.

Ni kuwa tun yana shekara goma sha biyu ya daina kirana Baba. Ɗalibaina na zuwa gida suna cewa Malam, shi ma ya ɗauka, ban hana shi ba. Shekara talatin na yi ina koyar da Hausa a kwalejin horar da malamai, sunan ya bi ni har ɗakin kwanana.

Abin da na sani game da Tambari a hankali na tattara shi. An haife shi a Kwalkwalawa, ubansa masunci, kakansa masunci. Yana saurayi ya bar ruwa ya tafi Kalambaina yana dakon siminti, ya yi shekara shida, a can kafaɗar ta samu rauni. Da ubansa ya rasu ya dawo ya karɓi jirgin. Matarsa Ladi ke yin bandar abin da ya kamo. Masunta sun shaide shi da abu ɗaya: yakan tsoma filafili a ruwa, ya kara kunnensa a ƙotar, ya ce akwai kifin ƙurungu a ƙasa, kuma a same su. Amma gulbin ya ragu, kafaɗar ta tsufa. Mutumin da ke jefa birgi, wato ragar jifa, sau ɗari a yini ya koma in ya jefa sau ashirin sai Ladi ta gasa masa kafaɗar da ruwan zafi.

A wannan halin Sharifuddeen ya same shi. Yaron yana karatun digiri na biyu a fannin kifi, wani abokinsa ya aiko masa da na'urar da ke nuna kifi a cikin ruwa suna motsi, kamar yadda likita ke nuna wa mai ciki ɗanta a allo. Yana neman jirgi da wanda ya san gulbi. Masunta uku suka ƙi shi, Tambari ya karɓa. Shekara biyu suka yi tare, duk Asabar da Lahadi da kowane hutu. Ni a gida abin da nake gani kawai ƙafafunsa da laka. Nakan tambaye shi yaya binciken, ya ce lafiya lau Malam, shi ke nan. Zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana tara, yana da shekara ashirin da tara.

Wata biyar bayan rasuwar, damina ta janye, wata Laraba da hantsi aka yi sallama. Tambari ne, riƙe da buhun shinkafa a naɗe. Ya zauna a zaure ya warware, sai ga allon na'urar, faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, da waya, da wani baƙin abu kamar sabulu wanda ya kira ido. Ban san tana wurinsa ba. Na ɗauka tana jami'a.

Ya ce yaron ya bar masa ita kafin ya kwanta, kuma tun daga lokacin da ita yake su. Yanzu ba ya jifa sai ya ga kifi. Jifa goma ta ishe shi. To, shekaranjiya ruwa ya fantsama a allon, ya sa hannu ya share, sai komai ya rikice. Allon ya cika da ɗigo kamar an watsa gero, ga Turanci ya fito. Ya kai wa mai gyaran waya, ya ce bai taɓa ganin irinta ba.

"Anka ce mani kai kaɗai za ka iya, Malam, tunda ɗanka na."

Na lura wannan karon ɗanka ya ce, saboda yana da buƙata. Na ce ya bar ta, ya dawo jibi.

Ban yi niyyar mayar masa ba. Gara in faɗi haka a fili. Abin ɗana ne, ni ne magajinsa, babu wanda zai ce na yi ba daidai ba. Mahaifiyarsa Adawiyya da ta ga buhun ta tambaya, na gaya mata. Ta ce, "To shi mutumin da me zai ci?" Na ce da abin da yake ci kafin a haifi Sharifuddeen. Ta koma ɗaki.

Da la'asar na shiga ɗakin yaron na ɗauko littafin da yake rubuta aikinsa a ciki. A shafi na huɗu ya rubuta yadda ake saita na'urar, da rubutunsa mai karkata hagu. A juya idon ya kalli gaba. Nisan gani mita goma sha biyar, zurfi mita shida. Ƙarfin ji sittin da biyu, in ruwa ya yi laka a rage zuwa hamsin da biyar, in ba haka ba dattin ruwa zai cika allon. Na haɗa ta da batirin fitilar gida, na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗauke ni rabin awa ba.

Sai na ga wani shafi a allon inda ya ajiye wuraren da suka samu kifi, kowanne da suna. Ƙarƙashin gada. Gurbin kada. Tsohon kututture. Mashayar shanu. Guda ashirin da uku. Na goma sha bakwai kalma ɗaya ce: Baba.

Na daɗe ina kallonta. Na duba littafin, babu bayani, sai kwanan wata da adadin kifin da ya ƙirga, wanda ya fi na kowane wuri. Wato wurin da ya fi albarka shi ya sa wa wannan suna. Ko dai ya tuna da ni yana tsakiyar ruwa, ya kira ni da sunan da ya daina kirana da shi, ko kuwa ya ɗaga kai ya ga mutumin da ke riƙe da filafili. Na san wanne ya fi kusa da gaskiya, shi ya sa tuwon yamma bai shiga ba.

Da Tambari ya dawo na ce gyara ba zai tabbata ba sai an gwada a ruwa, don haka zan bi shi. A raina na yanke cewa in wurin nasa ne, zan naɗe na'urar a buhunta in dawo da ita gida, kuma in goge sunan.

Asabar bayan sallar asuba, gari ya waye sosai, muka shiga jirgin. Rabona da jirgi tun ina ɗalibi. Tambari ya zaunar da ni a tsakiya, ya ce kada in miƙe komai ya faru. Ya ɗauko wata sandar ƙarfe, ya ɗaure idon a ƙasanta, ya maƙale ta a gefen jirgi har idon ya nutse kamar kamu biyu. A saman sandar akwai mariƙi da aka naɗe da jar fata. Ya ce aikin yaron ne, inda jar fatar ta nuna, can idon ke kallo. Da farko sun sha wahala, su ga kifi a allo su jefa hagu alhali kifin na dama. Sharifuddeen ya yi ta dariya har ya kusa kifar da jirgin. Ban taɓa jin ɗana ya yi irin wannan dariyar ba tun da ya girma.

Ya jingina ƙwarya a gefen allon don ta kare rana, na kunna. Ɗigon ya tafi. Ƙasan gulbi ya fito kamar layin da aka ja da alli, yana hawa yana sauka. Tambari ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi, ya dawo." Ya riƙa murza sandar a hankali da yatsa biyu, yana nuna mini. Wannan itace ne da ya nutse. Waɗannan ƙananan da ke tafiya tare kawara ne, ba a kula su. Wancan da ya kwanta a ƙasa ba ya motsi tarwaɗa ce. Ni ɗigon haske kawai nake gani. Shi yana kiran sunayensu, yana cewa yaron ne ya koya masa allon, shi kuma ya koya wa yaron wane ɗigo ne wane kifi. Kowace magana da ya yi sai ya sako Sharihu, haka yake kiransa. Sharihu ya ce kaza, Sharihu ba ya cin ƙurungu, Sharihu na tsoron ƙudan zuma. Ban san yana tsoron ƙudan zuma ba.

Na danna na goma sha bakwai, kibiya ta fito, na ce ya bi gabas. Ya ce shi bai taɓa amfani da wannan shafin ba, boko ba ya karantuwa gare shi, kuma gulbin a kansa yake. Muka yi kamar minti ashirin. Da kibiyar ta tsaya, muna gindin wata gaɓa mai tsayi inda ruwan ya yi duhu. Ƙasan allon ya faɗa zuwa mita biyar. A tsakiyar ramin ga rassan wani itace, kuma a samansu ɗigo manya sun fi talatin, suna tsaye kamar an rataye su.

Tambari ya ce karfasa ne. Ya miƙa hannu ga birgi. Na ce ya dakata.

Na ce, "Ka san abin da ya rubuta wa wurin nan?"

Ya ce bai sani ba.

"Baba ya rubuta. Ina so ka gaya mini wa yake nufi."

Ya dube ni, ya dubi allon, ya dubi gaɓa. Sai fuskarsa ta saki.

"Malam, sake hwaɗi in ji."

Na sake.

"A'a. Ba Baba ba. Baba." Ya ɗaga muryarsa a duka gaɓoɓin kalmar biyu, ya nuna sama da haɓa. "Ga shi can."

A kan gaɓar akwai 'yar gona, ba ta fi faɗin zaure biyu ba, cike da wani tsiro mai ƙananan ganye. Baba ne, na rini. Ya ce ta wani tsohon marini ce, ita kaɗai ta rage a duk bakin gulbin, kuma masunta da ita suke gane gurbin. Ranar da suka fara zuwa yaron ya tambayi sunan tsiron, ya gaya masa, ya ga ya danna wani abu.

Shekara talatin ina tsayawa gaban allo ina nuna wa ɗalibai cewa rubutunmu ba ya nuna karin sauti, kuma wannan kalmar tana cikin misalan da nake bayarwa a makon farko. Kwana uku ina kallonta, sau ɗaya tsiron bai zo mini a rai ba.

Tambari ya yi dariya kaɗan, sannan ya ga fuskata ya daina. Ina jin a lokacin ya gane abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam, riƙa mani jar hwatar nan, kak ka bari ta juya."

Na riƙe. Ya miƙe, ya tattara birgin a kafaɗar hagu, ya jefa. A allon na ga ragar tana sauka kamar laima, ɗigon suka watse, wasu ba su tsira ba. Karfasa goma sha ɗaya ya jawo, suna bugun ƙasan jirgin suna jiƙa mini wando.

Abin da na ji a wannan lokacin ba abin alfahari ba ne. Ban yi baƙin cikin cewa ba ni yaron ke nufi ba. Daɗi na ji cewa ba Tambari ba ne. Daɗin ya isa har na ga babu dalilin ɗaukar na'urar.

Da muka fito gaɓa ya fara kwance sandar yana naɗe waya, ya miƙo mini buhun da hannu biyu. Ashe ya san ban yi niyyar bari ba. Na ce ya riƙe, gidana babu gulbi. Ya yi godiya, ya zaɓi manyan kifi huɗu ya ce a kai wa uwar Sharihu. Sannan ya roƙe ni in nuna masa inda ake dannawa, don in ta sake rikicewa kada ya dame ni. Lambobi huɗu ne, da na nuna masa da ya riƙe, mutumin da ya haddace gulbi. Na ce abin yana da wuya, in ta rikice ya kawo.

Littafin yana wurina. Tun daga ranar ya zo sau biyar, duk lokacin da ruwa ya sauya launi ko hannunsa ya taɓa inda bai kamata ba. Gyaran minti biyu ne, amma nakan ja shi har Adawiyya ta aiko da shayi. Yana sha yana ba da labari: ranar da Sharihu ya faɗa ruwa da takalmansa, ranar da ya ci tuwon Ladi har malmala uku. Ina saurara, ina jin zafin cewa a bakin wani nake jin su, kuma da ya tafi nakan rubuta su a shafukan da yaron ya bari babu komai, kowanne da kwanan watansa.

Zuwansa na ƙarshe Adawiyya ta ce daga bayan labule, "Malam, ka koya wa bawan Allah nan mana, hanyar da nisa." Na ce zan koya masa. Ban sa rana ba.