Shafin da Babu Kwaɗo

Shekara tara ke nan da muka kai ƙanwata Ramatu makwancinta. Bari in fara da tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne mutumin da ya ga sunansa a takarda ya ji tsoron jandarma, ya manta da abin da ya fi jandarma ban tsoro. In akwai wawan da ya kai ni a Malanville ban haɗu da shi ba, kuma na san kowa a garin nan, tun daga masu albasa har bakin duwan, wurin 'yan kwastan.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. An sa ni, na zauna har na ga mushe, malaminmu, ya ɗauko bulala, na ce zan fita fitsari, har yau ban koma ba. Wannan rubutun ma Ramatu ce ta koya mini haɗa baƙaƙensa bayan furfura ta fito mini, don haka in kun ga yana tafiya a karkace, laifin ɗalibi ne. Ita kam ta yi karatu. Ta haifi 'ya'ya biyu, Balkisa da ƙanenta Isuhu. Isuhu ya tashi da ciwon da ke kwantar da shi duk damina, zuwa lakwal ya gagara, sai Ramatu ta ce to lakwal ta zo gida. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta haɗa da Balkisa. Lissafi da Faransanci tana bi da su yadda littafi ya ce. Tarihi ne ta yi wa tata hanyar.

Kowane yaro tana ba shi kaye nasa, wato littafin rubutu irin na 'yan lakwal. Ba ta yi musu shifta. Sai ta kai su gaban wani tsoho su saurara, ko ta kai su bakin kogi su duba. In an dawo gida, shafin hagu na ido ne: a zana taswirar kogin da gaɓarsa biyu, ko a manna zangarniyar shinkafa, ko guntun tarun masunta. Shafin dama na kunne ne: yaro ya rubuta abin da ya ji da kalmominsa, ba da nata ba. A can ƙasa kuma akwai layin da ba a tsallakewa. Wa ya faɗa?

Ranar da na fara ganin sunana a kan wannan layin, jandarma ne suka faɗo mini a rai. Mu da muka yi samartaka a zamanin da ake magana ana waiwaye, mun san takarda mai suna a ƙasa ba ta kawo alheri. Na ce, "Ramatu, jandarma za ki kira mana?" Ta ce, "Yaya, an wuce wanga zamani. Yanzu ƙuri'a aka jehwawa, ba mutum ba." Na jira, ba wanda ya zo. Da na ga ba wanda ya zo, sai na saki baki.

Na gaya wa yara cewa kakanmu ya taɓa hawa bayan dorina da kayan goro ya haye kogi zuwa Gaya, ko ƙafar wandonsa ba ta jiƙe ba. Suna rubutawa, harshe a waje don ƙwazo. Ramatu tana tsince shinkafa, ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Ku sa mishi kwaɗo."

Dokarta ke nan. Labari ba ya zama tarihi sai an ji shi daga baki biyu. Wanda aka ji daga baki ɗaya, ana zana masa ɗan kwaɗo a gefen shafi, don ta ce maganata irin ta kwaɗin damina ce, ƙara da yawa, nama kaɗan. In an sami baki na biyu ya gaskata, sai a soke kwaɗon da jan bik, wato jan biro. Labarin dorina an kai shi wajen Inna Gambi, tsohuwar da ke banda kifi a bayan gidanmu. Ta yi dariya har ta ƙware da hayaƙi. Ta ce, "Kakanku? Wanda jaki ka kora?" Wannan kwaɗon yana nan har yau, Isuhu ya ƙara masa hula.

Ba kullum nake faɗuwa ba. Da na ba su labarin yadda ake haye kogi kafin a yi gada, shanu na iyo, makiyayi na riƙe da wutsiyar ta baya, Inna Gambi ta ce haka aka yi, ta gani da idonta. Aka soke kwaɗo a gabana. Na yi kwanaki ina tafiya a kasuwa kamar an naɗa ni mai unguwa.

Shafi ɗaya ne Ramatu ta hana a cika. Ta sa kowannensu ya rubuta masa kai, Inda Baba yake kwance, sannan a bar shi fari. Babanmu ya rasu ina ɗan saurayi, Ramatu tana goye. Ya tafi da ni fataucin gishiri cikin ƙauyukan kwari, zazzaɓi ya kama shi a hanya, ya cika a wani ƙauye, mutanen wurin suka yi masa sutura. Ni kaɗai na dawo da jaki. Na gaya wa mahaifiyarmu wurin, ita kuma ba ta jima ba ta bi shi. Wannan labarin ba shi da baki na biyu, kuma ba zai taɓa samu ba. Duk sanda Ramatu ta tambaye ni, sai in juya maganar ta koma wasa, don ban iya faɗarsa da fuska a miƙe ba. Ita kuwa sai ta ce wa yara, "Ku bar shi hwari. Ran da kawunku ya yi hankali, ya cika muku."

Yara suka girma, shafi yana nan fari. Da ciwon ajali ya kwantar da Ramatu, kowannensu ya yi niyyar cika shi don ta ji kafin ta tafi, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Balkisa ta same ni a rumfa da kayenta. Na gaya mata Garou ne, ƙarƙashin wata tsamiya a bakin ruwa. Bayan 'yan kwanaki Isuhu ya zo da nasa. Na gaya masa Toumboutou ne, bayan wata kuka a kan burtalin shanu. Ɗaya daga ciki gaskiya ce. A ɗayan kuwa bakina ne ya yi abin da ya saba yi in ya ga zan yi kuka, ya shirya labari. Kuma kukan bai fasa zuwa ba, duka biyun na yi hawaye. Suka ga hawayen kawu, wanda ba su taɓa gani ba, ba wanda ya zana kwaɗo.

A lokacin na san wanne ne na gaskiya, kamar yadda na san sunana. Na ce gobe zan gyara. Aka yi rasuwa, aka yi zaman makoki, Isuhu ya tafi kudu neman abinci da kayensa, Balkisa ta yi aure da nata. Gobe ta yi ta zuwa tana wucewa.

Yanzu ga abin da ke hana ni sukuni. Kaina ya fara yoyo. Na je kasuwa kwanan baya na tsaya gaban mai tumatir, na rasa abin da ya kawo ni. Na kira Balkisa da sunan uwarta, ba sau ɗaya ba. Na taɓa tsayawa tsakiyar surar da nake karantawa tun ina yaro, na ga gaba babu komai, kamar hanya ta ƙare a bakin ruwa. Ina mayar da shi abin dariya a majalisa, abokai na cewa dama can kan ba cike yake ba. Amma in na koma ɗaki ni kaɗai, ba na dariya. Ina lalube cikin kaina kamar mai duba buhun da ɓera ya shiga, ban san me ya ci ba sai na nema na rasa.

Balkisa ta ɗauki hanyar uwarta. 'Ya'yanta na da kaye, tana zama da su a kan tabarma, hagu na ido, dama na kunne. Bana Isuhu ya zo ganin gida, ya kawo tsohon kayensa don yaran su gani. Balkisa ta buɗe biyun ta jera a gabana, ta sa yatsa a nan, ta sa a can. Sunana ne a ƙasan kowanne.

Ta ce, "Kawu, ina son in kai yara su yi ma kakanmu addu'a, su zana wurin. Ina za mu tahi?"

Na buɗe baki. Na ga tsamiya, na ji ƙamshin laka. Na ga kuka, na ji kukan shanu. Duka biyun a sarari suke, da launinsu da ƙurarsu, don na iya shirya labari, Allah ya ba ni wannan. Na yi wa ƙaryata gini mai kyau har ni maginin na kasa gane ta. Na ce mata mu fara da Garou, wataƙila in ƙafata ta taka wurin za ta tuna abin da kai ya manta.

Muka hau babura muka tafi. Inda nake zaton gaɓa take, ruwa ya cinye ta. Inda nake zaton fili ne, shinkafa ce kore shar har iyakar gani. Akwai tsamiya, amma ba ɗaya ba, kuma ba wadda ta gaishe ni. Dattawan da muka tambaya duk na girme su. Yara suka durƙusa da kaye a kan gwiwa, kireyo, wato fensir, a hannu, suna kallon bakina. Babbar cikinsu, wadda aka sa wa sunan Ramatu, ta ce, "Kaka, nan ne? In rubuta?"

Abu ne mai sauƙi in ce nan ne. Da na nuna tsamiyar da ta fi girma, da an rubuta, da magana ta ƙare, kuma ba mai rai da zai ƙaryata ni. Abin da ya firgita ni ke nan. Inna Gambi ta mutu. Ramatu ta mutu. A duk faɗin kwarin nan ba sauran wanda zai ce ƙarya nake, kuma ni kaina na fita daga cikin masu iya cewa.

Na karɓi kireyon yarinyar. Na ce Balkisa ta ba ni tsoffin kaye biyun. Na zana kwaɗo a gefen shafin Garou, na zana a gefen na Toumboutou. Yarinyar ta leƙa ta ce, "Kaka, kwaɗonka da kai ya yi kama." Na ce to ai shi ya sa ban sa masa hula ba. Balkisa ba ta yi dariya ba. Ta ce mu ɗaga hannu a nan, wani satin mu je can mu sake ɗagawa, addu'a ta san hanya. Mun yi. Amma jan bik ba zai taɓa sauka a kan waɗannan kwaɗin ba, kuma ni na jawo.

Ina yawan tambayar kaina me Ramatu za ta ce da ta ga yau. Da aka rufe gada kwanakin baya, mutane suka koma haye kogi da jirgin ruwa kamar zamanin kakanni, na san da ta tattara jikokinta ta kai su bakin ruwa, ta ce maza ku zana, ga darasinku ya tashi yana tafiya. Wayoyin nan kuwa, da yaro zai tambaya su amsa masa nan take, ba suna a ƙasa, ba wanda ya faɗa, ina jin da kwaɗinta sun ƙare kafin azahar. Jiya na ji jikarta tana musu da ƙawarta a ƙofar gida kan wani labari da ake yaɗawa, ta ce, "Wa ya hwaɗi? Baki nawa?" Na tsaya cak, don muryar ba tata ba ce. Ramatu ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba. Wannan tambayar ta bari, kuma tana aiki ba ita.

Ni abin da zan bari shi nake tsoro. Ina tsoron ranar da zan duba kayen nan in ga dorina in ce haka aka yi. Ina tsoron haɗuwa da Baba, ya ce na bar ka kai kaɗai da sanin inda nake, me ka yi da shi?

Kowannensu ya karanta wa Ramatu shafinsa tana kwance, daga baya na sani. Ta ji Garou, ta ji Toumboutou, ba ta ce wa yaran komai ba. Da na shiga gaishe ta, ta kama hannuna, hannunta ba nauyi kamar busasshen kara. Na fara tsokanarta, na ce ta tashi ta ci tuwo ta bar lalaci. Ta dube ni har na bar tsokanar. Sannan ta ce, "Yaya, ran da ba ni, wa za ya sa maka kwaɗo?"