Albarka da Ƙwallon Bakin Rami

Albarka mutumin Maruda ne, manomi ɗan manomi. A shekarar 1952 ya tafi cin rani birni, ya samu aiki a wani fili inda Turawa ke wasan golf, wato su bugi ɗan farin ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe har ya faɗa rami. Aikinsa shi ne jan buhu a kan yashin da ke kewaye da ramukan don ya kwanta sumul. Shekara biyar yana wannan, yana kallo, bai taɓa buga ko ɗaya ba. Amma dokokin sun zauna masa a ka, musamman guda: ba a taɓa ƙwallo sai ya tsaya cik, kuma inda ya tsaya nan ne wurinsa.

Da ya dawo gida ya auri Larai, ya koma gona. Bayan an cire amfani, sai ya haƙa ramuka uku a gonarsa ta bayan gari, ya binne ƙoƙo a kowanne, ya tara ƙwallon goruba. Larai ta ce, "Malam, mutane za su ce ka taɓu." Ya yi dariya ya ɗauki sandarsa.

Kafin sati biyu magidanta sun fara zuwa bayan la'asar. Waɗanda suka fi zafi su ne Ɗahiru maƙeri da Jibrin, Bafillatanin da ke kiwo a gefen gari, wanda ya zo da sandar kiwonsa ya ƙi karɓar wata.

Ranar wata Juma'a su biyun suka yi kunnen doki har rami na ƙarshe. Jibrin ya buga, ƙwallon ya gangara, ya zo daidai bakin rami ya tsaya.

"Ya tsaya!" in ji Ɗahiru. "Sai ka ƙara bugu."

"Shina motsi, wallahi," in ji Jibrin. "Ku duba da kyau."

Aka juya ga Albarka. Ya tuɓe hula, ya kwanta rub da ciki, ya kai ido kusa da ƙasa. Can sai ƙwallon ya girgiza, ya faɗa ƙoƙo ƙwal! Jibrin ya yi tsalle yana kirari.

Albarka bai tashi ba, sai kafaɗunsa ke rawa don dariya. Ya sa yatsa biyu ya ɗago wani baƙin buzuzu.

"Jibrin, ƙwallonka ya tsaya tun ɗazu. Wannan bawan Allah ne ya ɗauka kashin shanu ne, ya tura shi."

Wurin ya kaure da dariya. Ɗahiru ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

"To mi za a yi?" in ji Jibrin, shi ma yana share hawaye. "Ai daga garkena ya biyo ni."

"A mai da shi bakin rami, ka buga da kanka."

Aka mayar, ya buga, ya shiga. Ɗahiru ma ya buga nasa ya shiga, aka tashi babu wanda ya ci.

Labarin ya kai har Kalgo da Diggi, ’yan Diggi suka zo ranar kasuwa suka roƙi Albarka ya je ya haƙa musu nasu ramukan. Ya je a kan jaki, ya kwana biyu, ya dawo da busasshen kifi cike da kwando. Ya ci gaba da alƙalancin wasan kowane rani har gwiwa ta hana shi kwanciya a ƙasa. Daga nan sai a kawo masa kujera, ya zauna kusa da rami na uku, ya yanke hukunci daga zaune.