Malam Vandi Mai Lasar Dutse

Duk wanda ya san Malam Vandi ya san ba ya wuce dutse bai lasa ba. Kuna tafiya kuna hira, sai ka waiga ka ga babu shi, yana can tsugune a bakin mayo, wato rafi, ya goge tsakuwa da hannun riga ya kai baki. "Bitrus, sai ya jiƙa kalan shi zai fito," in ji shi. Matarsa, Mama Laraba, har ta gaji da ɗinke masa aljihu.

Shekara ashirin ajina yana jikin nasa a firamare, kuma yau zan faɗi gaskiya: kishinsa nake yi. Ina fama da lissafi yara suna hamma, ta bayan bango kuwa sai ihu da tafi. Ran nan na leƙa. Mutumin nan tukunyar tuwo ya kawo aji!

"Da zafi ya fito, ya huce, ya yi tauri. Haka dutsen da wuta ya haifa." Ya ɗauko wainar masa ya jera ɗaya kan ɗaya ya danne, wai dutsen da ruwa ya tara ke nan. Sannan ya kankaro ƙanzo: "Wannan dā tuwo ne, wahala ya canja shi." Kafin a tashi yara sun cinye darasin tas.

Na ce ai ba fina ya yi ba. Washegari na tsinci wani farin dutse a hanya, na shiga aji ina hura hanci, na ce wannan ya girmi kakan kakanku. 'Yata Rahila, 'yar cikina, ta karɓa ta karce shi da ƙusa yadda Vandi ya koya musu.

"Baba, wannan bulo ne."

Sai ga kan Vandi ta taga. "Tsoho ne, Bitrus, kar ka ji kunya. Tun zamanin tsohon kansila!"

Ranar da mai duba makarantu ya zo fa? An ajiye motarsa a gangare, direba ya tare taya da dutse. Vandi ya zo wucewa, ya ga ƙyalli, ya zare abinsa.

Mai duba makarantu ya ƙwala ihu: "Mota na! Mota na yana tafiya!"

Sai a gonar gyaɗar hedimasta ta tsaya. Vandi ko a jikinsa. "Yallaɓai, duba nan. Irin wannan ne za a sa ƙarƙashin taya?" Wallahi na yi murna, na ce yau kam kora ce. Ina! Mutumin ya lasa shi ma, ya tafi wa 'ya'yansa da shi.

Amma abin da ya fi ci mini rai Rahila ce. Na ba aji rubutu a kan wanda suke so su zama kamarsa, ta cika shafi biyu da Malam Vandi, kuma ni zan duba. Huɗu cikin goma na ba ta. Wata uku ban amsa gaisuwarsa ba. Yanzu ilimin duwatsu take karantawa a jami'a, in ta zo hutu gidansa take fara sauka.

Da ciwo ya kwantar da shi na je na zazzage masa duka. Na ce ka ƙwace mini aji, ka ƙwace mini 'ya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai wawa ne, Bitrus. Ana buga ƙararrawa kowa ya gudu gidan baban shi. Ni nake tsayawa a taga ina kallon Rahila ya kama hannun ka."

Shi da Mama Laraba Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara ashirin, ko sau ɗaya ban taɓa tunanin abin ba.

Allah Ya jiƙanka, Vandi, Ya ba ka hutawa. Ya ba Mama Laraba haƙuri. Ni kuma Ya yafe mini.