Yayana Mai Walda, Wanda Motarsa Ba Ta Samu Sitika Ba

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, na dawo daga makarantar da nake koyarwa ke nan, ko mayafi ban cire ba, waya ta yi ƙara. Mai ɗakinka ce, Yaya, amma ban shaida muryarta ba sai da ta maimaita maganar: an same ka a cikin motarka, a filin ajiye motocin baƙi na jami'a, rai ya riga ya yi halinsa. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na faɗi haka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma har yau ƙirjina bai gama yarda ba.

Mutanen unguwa sun san ka da Mai Walda, ni kuwa matsayin uba na san ka. Mahaifinmu ya rasu kana ajin ƙarshe a sakandare, ka ajiye littafi ka ɗauki ƙarfe don ni da ƙannenmu mu ci gaba da zuwa makaranta. Ban manta yadda kake dawowa idanunka jajur saboda hasken walda ba. Inna tana ɗora maka jiƙaƙƙen tsumma a fuska, kai kuma daga ƙarƙashin tsumman kana tambayata ko na yi aikin gida. Da na zama malama, kai ka fara kirana Malama, har Inna ta ɗauka. Ba ka taɓa goranta mini ba, ko da wasa.

Autarka, shan inna ya kama ta tana shekara biyu. Ƙafafu suka tafi, amma baki da ƙwaƙwalwa Allah Ya ninka mata. Tun tana 'yar mitsitsiya ba a cin ta a gardama, shi ya sa ka laƙaba mata Lauya, sunan ya bi ta har aka kusa manta na yanka. Kekenta na farko kai ka ƙera da bututun ƙarfe da tayoyin tsohon keken hawa. Tun daga bakin layi ake jin ƙararsa, tana cewa ka ƙera mata jiniya. Daga nan iyayen yara masu irin lalurarta suka gano shagonka. Kowa ya kawo keken ɗansa ka gyara, idan ya tambayi kuɗi ka ce na ƙarfe kawai zai biya, idan ya sa hannu a aljihu ka ce ai ƙarfen ma ragowa ne.

Ranar da ta samu gurbin karatun shari'a a jami'a, ka wanke tsohuwar motarka ta ɗaukar kaya, ka yi mata sabon fenti, ka ce motar Lauya ba ta shiga jami'a da tsatsa. Tun daga ranar ba ka da wani buri a duniya sai ka ga ta gama. Shekarar farko komai ya tafi lafiya lau. Kana shiga da mota har ƙofar sashen shari'a, ka sauke keken daga baya, ka goya ta zuwa ajinsu a saman bene, ka koma shago, da la'asar ka dawo ka ɗauke ta.

A shekara ta biyu hukumar jami'a ta ce motoci sun yi yawa, ta fito da sabon tsari. Kowace mota sai da sitika a gilashi, koriya ta ma'aikata, shuɗiya ta ɗalibai, duk shekara a biya a sabunta. Aka kafa shingen ƙarfe mai ɗagawa a bakin hanyar ciki. Duk motar da ba ta da sitika ta baƙo ce, a ajiye ta a filin da ke gindin babbar ƙofa, a biya kuɗin shiga, mai ita ya ƙarasa da ƙafa. Ba na cewa tsarin banza ne, na ga irin cunkoson da ake yi a da. Amma wallahi duk wanda ya zauna ya tsara shi, ƙafafunsa biyu lafiyarsu ƙalau. Sashen shari'a yana can ƙarshen jami'a a bisa tudu, bas ɗin ɗalibai kuma ba ta da wurin keke.

Ka je ofishin sitika da kuɗinka a hannu. Aka ce ba a bai wa uba, sai ma'aikaci ko ɗalibi, kuma dole takardun mota su kasance da sunan ɗalibin. Ka je ka mayar da takardun da sunan Lauya, motar da kake neman abincin gida da ita. Ranar da ka koma na raka ku. Ma'aikacin ya duba ya ce madalla, saura ta kawo lasisinta na tuƙi.

Na ce, "Malam, don girman Allah ɗago ka dubi yarinyar nan. Da me za ta taka birki?"

Ya ɗago, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Hajiya, wallahi na gani. Na'urar ce ba ta karɓa sai da lambar lasisi."

Ya ce akwai sitika ta musamman ta masu lalura, amma sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya zauna, ya ce motar ɗaukar kaya ba ta cikin irin motocin da ake bai wa sitika, ya tura maganar gaba. Can gaban aka ce sai an sake zama. Na so in tara musu jama'a a ofishin nan, ka ja gefen mayafina ka ce, "Malama, rage murya. A hannunsu yarinyar take karatu." Na yi shiru don kai, ba don na huce ba.

Haka ka shiga wannan wahala, kusan shekara uku. Ka biya a ƙofa, ka ajiye mota a filin baƙi, ka tura keke tun daga can har saman tudu, sannan ka goya ta a bene. Samarin ajinsu sun sha yi maka tayi, kana gode musu. Lauya budurwa ce, ba za ta yarda namijin da ba muharraminta ba ya goya ta, ƙawayenta kuma ba su iya tudun. Yayanta namiji yana aiki a gari mai nisa, sauran mata ne a gidajen aurensu. Idan ka fita ka dawo sai ka sake biya, don haka ka koma wuni a cikin mota duk ranar da take da darasi. Masu kawo aiki suka gaji da tarar da shago a rufe, suka canza wuri. Mai ɗakinka ta san yadda tukunya ta ragu a gidan nan, amma ba ta taɓa faɗa a gaban yarinyar ba.

Akwai abin da ka yi wanda har yau idan na tuna ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Wata rana wani direba ya daki shingen ya gudu, ƙarfen ya karye daga gindi. Aka ce daga albashin mai gadin da ke wurin za a cire kuɗin gyara. Washegari sai ga ka da injin walda a bayan mota, ka durƙusa cikin rana ka haɗa shi, har ka ƙara masa ƙarfi. Da labari ya zo mini na same ka a gida.

Na ce, "Yaya, anya kanka ɗaya? Shingen da ya hana ka shiga, shi ka gyara, kuma kyauta?"

Ka yi dariya ka ce, "Bawan Allahn nan 'ya'yansa shida. Shi ya kafa dokar?"

Masu gadin sun so su riƙa ɗaga maka a ɓoye bayan haka. Ka ƙi, ka ce akwai kyamara a wurin, ba za ka zama sanadin korar kowa daga aiki ba. Ranar jana'izarka dukansu sun zo da kayan aikinsu a jiki, wanda ka yi wa gyaran ya kasa tsayuwa a sahu saboda kuka.

Bara likita ya ce zuciyarka ta kumbura, ya hana ka ɗaukar nauyi, ya hana ka hawan tudu. Ka tara mu, ni da mai ɗakinka, ka sa muka rantse Lauya ba za ta ji ba. Ka ce, "Shekara ɗaya ta rage mata. Kun san taurin kanta, idan ta ji ajiye karatun za ta yi." Na ce mu ɗauki wanda zai riƙa tura ta. Ka ce to a bene fa, wa zai goya ta? Na kai takardar likitan ofishin sitika da kaina, aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce za a haɗa da fayil. Na yi fushi da su, na yi fushi da kai ma, Yaya, sai da na yi kwanaki ban taka gidanka ba.

Ranar Larabar ka kai ta aji kamar kullum, ka sauko, ka shiga mota ka jingina. Ta tashi daga darasi ta yi ta jira a saman bene, tana kiran wayarka ba a ɗauka. Wata ƙawarta ce ta gangara filin. Ta tarar da kai hularka a kan gwiwa, rasit ɗin ranar a aljihun gaban rigarka. Masu wucewa duk sun ɗauka barci kake yi.

Motar ta kwana uku a wurin, muna zaman makoki ba wanda ya tuna da ita. Da ɗanka ya je ɗaukowa ya tarar an ɗaure tayar da sarƙa da kwaɗo, an liƙa takardar tara a gilashi saboda ta kwana ba izini. Ya yi bayani, aka ce Allah Ya jiƙan rai, amma ba mai ikon yafe tara sai shugaban sashe, shi kuma ya yi tafiya. Ya biya, ya kawo motar gida. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, cikin makon nan aka sauko da darussan ajinsu Lauya ƙasan bene. Ashe abu ne da ake iya yi da sa hannu ɗaya. Sitika kuwa har yau tana gaban kwamiti.

Lauya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta shiga ɗaki ta juya fuska ga bango, ta ce ta gama da jami'a, ga shi jarrabawar ƙarshe ta ƙarato. Uwarta ta roƙe ta, yayyenta suka roƙe ta, ko kallo ba su ishe ta ba. Ni ban roƙe ta ba. Na ɗauki hutu a makaranta, na zo gidan da sassafe, na tsaya a ƙofar ɗakinta na ce, "Tasi yana waje. Ubanki bai mutu a filin nan don ki kwanta ba." Magana ce mai zafi, na sani. Ta juyo ta dube ni, ta ce a miƙo mata hijabinta.

Tasi ya sauke mu a babbar ƙofa, don shi ma ba shi da izinin wucewa. Na kama keken na fara turawa. Yaya, ban san tudun nan ba sai ranar. A ido ba wani abu ba ne, amma kafin mu kai rabi hannuwana sun mutu, numfashina yana fita da ƙyar, keken yana neman dawowa kaina. Daidai wata bishiya na taka birkin keken na tsaya, na dafa gwiwoyina.

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Gwaggo, shi ma a nan yake tsayawa. Kullum sai ya ce bari ya duba taya, kamar iska ta ragu. Ya durƙusa a bayana ya daɗe. Tayar ba abin da ya same ta, ina jin yadda yake numfashi."



Ta ce, "Na ga magungunan a cikin mota tun bara. Na san na mene ne. Na yi shiru, Gwaggo, saboda ina son in gama."

A nan ta yi kukan da ba ta yi a gida ba, ni ma na zauna a gefen kwalta na taya ta, ɗalibai suna wucewa suna kallonmu. Ashe shekara guda kana ɓoye mata, ita ma tana ɓoye maka. Da ta share fuska ta ce in tura kada malami ya riga mu shiga.

A wurin ban samu abin faɗa miki ba, Lauya, bari in faɗa a nan. Kwanansa ne ya ƙare, kuma ko kin yi magana ba zai fasa ba, na fi ki sanin taurin kan ubanki. Idan akwai mai amsa tambaya a kan wannan al'amari gobe kiyama, ba ke ba ce. Ni dai ban yafe wa takardar da ta yi shekara uku tana yawo daga tebur zuwa tebur ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo maka. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa nauyin da ya ɗauka a bayansa ya same shi a mizaninsa. Ka saka masa da Aljanna Firdausi, Ka haɗa shi da Inna da mahaifinmu cikin rahamarKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta yi haƙurin da ni ban iya ba, da 'ya'yansa da jikokinsa, da ƙannenmu, da masu gadin ƙofa da suka riƙe shi ɗan'uwa, da duk iyayen da yanzu ba su san inda za su kai keken 'ya'yansu ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jarrabawarta ta farko ranar Litinin ce, Yaya. Ni zan tura ta.